Tafiyar Ƙasa a Dajin Al'ul na Shuf, Labanon: Tambayoyi da Amsoshi

Mutanenmu da ke zuwa Beirut, wasu don kasuwanci, wasu don ganin likita, wasu don ziyarar abokan hulɗa da suka saba da su tun a Kano, yawancinsu daga otal sai kasuwa, daga kasuwa sai filin jirgi. Alhali tafiyar da ba ta wuce sa'a ɗaya da rabi a mota ba ce tsakaninsu da ɗaya daga cikin tsofaffin dazuzzukan da tarihi ya san da zamansu. Ga amsoshin abubuwan da mai niyyar zuwa ya kamata ya sani.

Wane itace ne wannan da ake ta magana a kansa?

Shi ne koren itacen nan da ke tsakiyar tutar Labanon, tutar da aka amince da ita a watan Disambar 1943, shi ne kuma ke jikin wutsiyar jiragen MEA, kamfanin jiragen saman ƙasar. Mutanen ƙasar suna ce masa arz, kuma sunan da za ka gani ke nan a allunan hanya. Masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa sun san shi da al'ul, masana tsirrai kuwa suna kiransa Cedrus libani.

Ba ya kaɗe ganye, rani da hunturu kore shar yake. Ganyen gajeru ne, siri-siri, masu tsini, suna fitowa tuntu-tuntu a jikin reshe. Yakan kai tsayin mita 40, kaurin gindinsa kuma ya wuce mita 2. Yana ƙarami kansa a tsuke yake, yana nuna sama. Sai ya manyanta sannan kan ya baje, rassan su miƙe a kwance hawa-hawa, kamar an jera fayafai wani bisa wani. Wannan siffar ta tsufa ita ce aka zana a tuta, ita ce kuma mutane ke hawa dutse su gani.

'Ya'yansa ma abin kallo ne. Ba sa reto ƙasa, a tsaye suke bisa reshe, kuma ba sa faɗowa ɗungum. In sun nuna sai ɓawon ya riƙa ɓamɓarewa ɗaya-ɗaya, iska ta kwashe irin, a bar tsinke tsaye a kan reshen. Itacen yakan yi shekara kamar 40 kafin ya fara ba da 'ya'ya sosai.

In har ya shahara haka, me ya sa ya yi ƙaranci?

Ai shaharar ce ta ja masa. Katakonsa na da ƙaro mai ƙamshi, ƙwari ba sa son sa, ba ya saurin ruɓewa, ga shi a miƙe, ga tsayi. Masar da Iraki na da sarakuna masu son manyan gine-gine, amma ba su da dogayen itatuwa, don haka idonsu ya koma kan duwatsun Labanon. Finikiyawa, mutanen biranen bakin teku irin su Jubail da Saida da Sur, da cinikin wannan katako suka yi arziki. Wani rubutun dutse na Masar ya ambaci jiragen ruwa 40 shaƙe da katako da aka kawo a zamanin Fir'auna Sneferu, wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Jirgin ruwan ɗansa Khufu, wanda aka tono a gindin babbar dalar Giza a 1954, tsawonsa ya kai mita 43, kuma mafi yawan katakonsa na al'ul ne. Ya kwana a rami sama da shekara 4,000 bai narke ba. A Littafi Mai Tsarki an ba da labarin yadda Hiram, sarkin Sur, ya riƙa aika wa Annabi Sulaiman (AS) wannan katako don gini a Kudus.

Saran ya yi yawa har sai da Sarkin Rum Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138, ya sa aka sassaƙa rubutu a jikin duwatsu cewa itatuwa iri huɗu na sarki ne, ba mai taɓa su. Har yau ana samun irin waɗannan duwatsu a tsaunukan arewacin Beirut. Kada dai a ɗauka tausayin daji ne ya kama shi, katakon yake yi wa kansa tanadi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma Turkawan Daular Usmaniyya sun sare itatuwan ƙasar da yawa don hura wa jiragen ƙasa wuta.

Amma akwai mai laifin da ba a cika ambata ba: akuya. Gatari yana kayar da babba ne, ita kuwa akuya ƙaramin take cinyewa tun bai kai taƙi ba. Dajin da ake sara yana iya farfaɗowa, wanda ake sara ana kiwo a cikinsa shekara ɗaruruwa ba shi da magaji. Abin da ya rage a Labanon duka yanzu hekta 2,000 ne da 'yan kai, a warwatse a kan tsaunuka. Mafi yawan wannan itace a duniya a yau yana tsaunukan Taurus na kudancin Turkiyya.

Ina gandun dajin Shuf yake?

Yana kudu maso gabashin Beirut, a kan dogon tsaunin Baruk da Niha, wanda ya raba gangaren da ke kallon Bahar Rum da kwarin Bika. An kafa shi da doka a 1996, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin wuraren da take kula da mu'amalar mutum da halittu a 2005. Shi ne gandu mafi girma a ƙasar, ya ci kusan kashi 5 cikin 100 na faɗin Labanon. Kada wannan ya ruɗe ka, ba duka ne al'ul ba. Al'ul ɗin hekta 620 ne, kusan rubu'in abin da ya rage a ƙasar, a dazuzzuka uku: Ma'asir al-Shuf, Baruk, da Ain Zhalta-Bmahrai. Sauran fili duwatsu ne farare, ciyayi, da wasu itatuwa da suke kira sindiyan. Nan ne kuma iyakar wannan itace ta kudu a duniya.

Daga Beirut hanya biyu ce. Ko ka bi titin bakin teku zuwa Damur ka haura ta Dair al-Kamar da Baitaddin, ko ka bi titin Dimashƙa ka ratse ta Mudairij zuwa Ain Zhalta. Ta farko ta fi daɗin kallo.

Na ji ana maganar "Al'ul ɗin Ubangiji" a arewa. Wanne ya fi, can ko Shuf?

Wuri daban ne. Arz al-Rab, sunansa ke nan da Larabci, yana kusa da garin Bisharri, a saman kwarin Kadisha, kuma UNESCO ta sa su biyun cikin kayan tarihin duniya a 1998. Shi ne wanda ya fi suna, itatuwansa manya ne ƙwarai, amma ɗan kurmi ne na hekta 10 kacal, mai itatuwa 'yan ɗaruruwa, kewaye da katangar da aka gina a 1876 da kuɗin Sarauniya Biktoriya ta Ingila don hana awaki shiga. Cikin sa'a ɗaya ka zagaye shi, a bakin ƙofa kuma rumfunan masu sayar da tsaraba ne a jere.

In hoto kake so da ganin manyan itatuwa ba tare da gumi ba, je Bisharri. In tafiya kake so, wadda za ka yi sa'o'i ba ka ji ƙarar mota ba, Shuf ne wurinka. Akwai na uku, gandun Tannurin, da aka kafa a 1999, dajinsa ya fi cunkushewa, hanyoyinsa kuma sun fi gargada. Wanda ke da yini ɗaya tak, ni dai Shuf zan nuna masa.

Ta wace ƙofa zan shiga?

Ya danganta da ƙafarka da lokacinka.

Ma'asir shi ne ƙarami cikin dazuzzukan Shuf uku, amma a nan dattawan itatuwan suke. Daga inda za ka ajiye mota, 'yan mintuna kaɗan ka isa gindinsu. Shi ya dace da mai tafe da yara, ko da mahaifi mai ciwon gwiwa, ko wanda bai saba hawa ba. In ka ci gaba da titin da ya wuce dajin zuwa ƙoƙuwar tsaunin, sai ƙasa ta buɗe maka ta gabas: kwarin Bika shimfiɗe, tafkin Kar'aun da aka tare a kan kogin Litani, can nesa kuma Jabal al-Shaikh mai tsayin mita 2,814, wanda kansa kan daɗe da farin ƙanƙara har cikin bazara.

Baruk shi ne babba, kuma shi ne na masu son tafiya ta gaske. Hanyoyinsa sun fi yawa, akwai gajeru, akwai na yini guda. A nan za ka lura da wasu itatuwan a jere reras bisa matakalan da aka yanka a jikin dutse. Waɗannan dashe ne na shekarun 1960 da bayansu, lokacin da gwamnati ta yi shirin mayar da dazuzzuka. Sun haura shekara 50, amma a gidan al'ul har yanzu yara ne.

Ain Zhalta-Bmahrai yana arewa, mutane ba su cika yawa ba, kuma dajin na hayayyafa da kansa, za ka ga ƙanana suna tasowa a gefen manya.

Akwai kuma ƙofar Niha a kudu. Ba don al'ul ake zuwa can ba, don wata ganuwa ce da aka fafe a jikin tsaunin da ya miƙe tsaye, inda ake cewa Sarki Fakhruddin na Biyu ya ɓuya wa Turkawa kafin su kama shi su kashe shi a Istanbul a 1635. Mai jin jiri in ya leƙa rami ya yi tunani kafin ya bi wannan turba.

Tafiyar tana da wuya? Ni ban taɓa hawan dutse ba in ba Dala ba.

Ba hawa ba ne na igiya da ƙugiya. Turba ce ta ƙasa da tsakuwa, wani wuri a miƙe, wani wuri hawa. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne numfashi. Dazuzzukan suna tsakanin mita 1,200 da kusan 2,000 bisa teku, wato gindinsu ya yi daidai da tudun Jos, samansu ya ɗara shi nesa. Ga shi da safen nan ka taso daga Beirut, wadda ke bakin teku. Ba tsayin da zai kwantar da mai lafiya ba ne, amma za ka ji kana haki a hawan da a gida ba za ka kula da shi ba. Rage sauri, sha ruwa, kada ka yi gasa da 'yan gari, su a kan dutsen aka haife su.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, tsakuwar farin dutse kuma tana zamewa ƙarƙashin takalmi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tsaya a gajerun hanyoyin Ma'asir, ya kuma tambayi likitansa tun kafin ya taso.

Masu son abin da ya fi haka, akwai doguwar turbar da ta ratsa tsaunukan ƙasar tun daga Andakit a arewa har Marja'yun a kudu, kusan kilomita 470, an yanka ta zango-zango. Wasu zangunanta ta cikin gandun Shuf suka bi, kuma kowanne daga ƙauye yake tashi ya sauka a ƙauye, don haka ana iya yin kwana biyu ko uku ana tafe ana kwana a gidajen baƙi.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Ka fara da mance lissafin gida. Su daminarsu da hunturunsu a haɗe suke: ruwa na sauka daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin sanyi, a kan tsauni kuma ya zama dusar ƙanƙara. Watannin da mu muke damina, su rani suke, sama wasai ba ko ɗigo.

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni shi ne gwanin lokaci, ƙanƙara ta narke, furanni sun fito, ƙasa da sauran danshi. Satumba zuwa farkon Nuwamba ma da kyau, iska ta yi sanyi-sanyi, gonakin tuffa da inabi na ƙauyuka sun nuna. Yuli da Agusta ranar tsauni tana ƙuna ko da iska na kaɗawa, a kuma lokacin ne mutanen Beirut ke tururuwa gudun zafi, musamman Asabar da Lahadi. Daga Disamba zuwa Maris ƙanƙara kan rufe hanyoyin sama. Ana shiga duk da haka, da wasu faffaɗan takalma da ake ɗaurawa a ƙarƙashin na ƙafa don kada mutum ya nutse, ana ba da hayarsu. Wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba zai so wannan, amma ya kira ofishin gandun tukuna ya ji ko titi a buɗe yake.

Me zan sa, me zan ɗauka?

Takalmi shi ne kan gaba: rufaffe, mai ƙasa mai gurzai-gurzai. Silifas da takalmin fata na zuwa ɗaurin aure a bar su a otal. Babbar riga za ta riƙa kama ƙaya, iska kuma ta riƙa cika ta, gara wando da riga 'yar shara, da rigar sanyi a jaka ko da rani ne, domin duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Mata za su iya tafiya da hijabi ba matsala, sai dai a zaɓi wanda bai kai ƙasa ba, a sa wando a ciki saboda taka dutse.

Ruwa kuwa kada a yi wasa da shi. Dutsen irin mai shanye ruwa ne, ruwan sama da na ƙanƙara duk ciki suke shigewa su ɓullo a maɓuɓɓugan ƙauyukan gindin tsauni, kamar na Baruk da na Safa. Saboda haka a sama ba rafin da za ka dogara da shi. Lita biyu ga kowane mutum in tafiyar rabin yini ce, ga hula, ga dabino ko gyaɗa a aljihu.

Dole ne in ɗauki ɗan jagora?

A gajerun hanyoyin da ke kusa da ƙofa ba dole ba ne, an sa alamu. In za ka haura ƙoƙuwa, ko ka tsallaka daga wannan daji zuwa wancan, ko lokacin ƙanƙara ne, ɗauki. Hazo kan taso daga teku da rana tsaka ya lulluɓe tsauni cikin ɗan lokaci, ka rasa gabas ka rasa yamma. 'Yan jagoran 'ya'yan ƙauyukan ne, ta ofishin gandun ake samunsu, suna jin Larabci, da yawansu da Turanci ko Faransanci. Kuɗin da ka ba su yana cikin dalilan da suka sa ƙauyukan ke ganin dajin ya fi musu amfani a tsaye.

Da gaske ne wasu itatuwan sun shekara dubbai?

Hukumar gandun tana ƙiyasta wasu a kan shekara 2,000. A bakin masu tallar yawon buɗe ido za ka ji 3,000, wani ma ya ce maka wannan itacen ya ga Annabi Sulaiman. Ka saurara, ka yi murmushi. Hanyar tabbatar da shekarun itace ita ce ƙirga zoben da ke cikin gangar jikinsa, tsofaffin kuwa sau da yawa cikinsu ya ruɓe, ko kuma gindi biyu ko uku ne suka manne suka zama ɗaya, ba kuma wanda zai yarda a huda su don a kashe gardama. Kauri ma ba hujja ba ne, wanda ya samu ƙasa mai kyau yakan fi sa'ansa na kan dutse nesa. Abin da ba gardama a kansa shi ne akwai masu shekara ɗaruruwa da yawa, kuma wannan ma ya isa mutum ya tsaya ya yi tasbihi.

Shi ne itacen da ya zo a hadisi?

A Bukhari da Muslim akwai hadisin da Manzon Allah (SAW) ya kwatanta mumini da ɗanyen tsiro, iska na karkata shi nan da can yana miƙewa, ya kwatanta munafuki kuma da arza, wadda take ƙiƙam ba ta lanƙwasa har ranar da za a tumɓuke ta gaba ɗaya. Masu sharhi sun ce itace ne sananne a ƙasar Sham, wasu suka ce sanaubar ne, wanda ɗan'uwansa ne na kusa. Ɗalibin da ya karanta hadisin a zaure zai ƙara fahimtarsa in ya tsaya gindin ɗaya ana iska: rassa na motsi, gangar jikin ko gezau.

Waɗanne dabbobi zan gani?

Gaskiya, kaɗan. Akwai kyarkeci, sayaki, dila, yanyawa, beguwa da aladen daji, amma masu yawon dare ne, kuma sun san mutum. Sawunsu za ka gani, da ƙayar beguwa a kan turba, da wuraren da alade ya tone ƙasa yana neman saiwa. Wanda za ka gani ido da ido shi ne kurege a kan reshe, sai rema a duwatsun Niha tana shan hantsi. A 2017 an dawo da awakin dutse masu dogayen ƙahoni daga Jodan, bayan sun daɗe da ƙarewa a ƙasar.

Tsuntsaye ne abin kallo. Labanon na kan hanyar da tsuntsayen Turai da Asiya ke bi zuwa Afirka, don manyan cikinsu ba sa son tsallaka teku mai faɗi, sun fi son bin tudu inda iska mai ɗumi ke ɗaga su. A kaka da bazara za ka ga gaggafa da shaho da fararen shamuwoyin Turai garke-garke suna shawagi bisa tsaunin. Wasu daga cikin shamuwoyin nan a Sudan da Chadi za su yi hunturu. Fadamar Ammik, a gindin tsaunin ta ɓangaren Bika, zangonsu ce.

Macizai masu dafi akwai su a lokacin zafi. Kada ka cusa hannu ƙarƙashin dutse.

Me ya sa suke tsananta maganar kada a sauka daga turba?

Saboda abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. In ka durƙusa a gefen hanya a watan Mayu ka duba da kyau, za ka ga wasu 'yan tsirrai da ba su fi tsawon yatsa ba, kowanne da 'yan ganyaye siri-siri a baje a kansa. Al'ul ne na bana. Irin ya kwana cikin sanyi ƙarƙashin ƙanƙara, ya tsiro da ta narke, yanzu kuma yana tseren tura saiwa ƙasa kafin rani ya busar da shi. Mafi yawansu ba za su kai baɗi ba ko ba wanda ya taɓa su. Taku ɗaya na mai neman wurin ɗaukar hoto ya isa ya kashe goma. Yawan tattaka gindin manyan ma yana daddale ƙasa, ruwa ya kasa shiga.

Sauran dokokin duk daga nan suka fito: ba hura wuta, ba jefar da guntun sigari, ba farauta, ba tsinkar fure, ba ɗiban 'ya'yan itace, ba sassaƙa suna a jikin ɓawo, shararka kuma ka fito da abarka. Maganar wuta ba wasa ba ce a wurinsu. A Oktoban 2019 gobara ta cinye dazuzzuka masu yawa a gangaren Shuf na kusa da teku, mutanen yankin ba su manta ba.

Yanzu da aka hana sara da kiwo, dajin ya tsira ke nan?

Da sauran rina a kaba. Itacen na bukatar sanyi da ƙanƙara mai daɗewa a ƙasa, ita ke ba irinsa damar tsirowa, ita ke shayar da shi a hankali. Hunturu na ƙara gajarta, ƙanƙara na saurin narkewa. A Tannurin, a ƙarshen shekarun 1990, tsutsar wani ƙwaro ta far wa ganyen itatuwan har daji ya yi ja kamar wuta ta bi ta kansa, masana kuma sun danganta yawaitar ƙwaron da ɗumi da bushewar ƙasa. In zafi ya ƙaru, dabarar itacen ita ce zuriyarsa ta ƙaura sama. A arewa akwai sauran wuri, don Kurnat al-Sauda ya kai mita 3,088. A Shuf kuwa tsaunin bai wuce mita 2,000 ba, dajin ya riga ya kusa ƙoƙuwa. Shi ya sa ma'aikatan gandun ke ta dashe a wurare masu tsayi, suna kuma da tsarin da baƙo zai biya a dasa itace da sunansa.

Sallah da abinci fa?

Ƙauyukan da ke kewaye da gandun galibi na Kiristoci ne da Duruz, wata al'umma mai addininta na daban, don haka kada ka sa ran jin kiran sallah ko samun masallaci a kowace kusurwa. A Dair al-Kamar akwai tsohon masallacin Fakhruddin, na 1493, a dandalin garin. A daji kuwa ɗauki 'yar darduma da ruwan alwala daban da na sha, ka yi sallarka a fili kusa da turba. Ka kula da alƙibla: mu mun saba fuskantar gabas, amma daga Labanon Makka tana kudu ne, da ɗan karkata gabas kaɗan. Baƙo daga ƙasar Hausa yakan juya inda rana ke fitowa ba tare da tunani ba.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Da safe akwai manƙusha, gurasa mai zafi da za'atar, wato garin ganye mai ƙamshi, da man zaitun, ga labna, wato kindirmo mai kauri, ga zaitun, ga tumatir. A ƙofofin gandun ana sayar da zuma da kayan gwangwani na gida da matan ƙauyuka ke haɗawa. In nama ne, tambaya, domin wasu gidajen abinci na sayar da giya, wasu ƙauyukan Kirista kuma ana cin aladen daji. In Baduruze ya miƙo maka ɗan ƙoƙo da bututun ƙarfe a ciki, matte ne, ganyen shayi daga Kudancin Amurka da 'yan ci-rani suka dawo da al'adarsa. Ba ya bugarwa, ɗaci ne kawai. Dattawansu masu baƙin wando mai faɗi da farar hula, da matansu masu farin mayafi, ba a ɗaukarsu hoto sai da izini, addininsu kuma ba abin da suke son a yi ta tono ba ne.

Mai azumi ya zaɓi Ma'asir da yamma, ya sauko ya sha ruwa a ƙauye.

Lafiya lau ne zuwa can, ganin labaran da muke ji?

Al'amuran Labanon na saurin juyawa. An yi yaƙin basasa daga 1975 zuwa 1990, shi kansa Shuf ya ga mummunan faɗa a 1983, a 2024 kuma an gwabza tsakanin Isra'ila da Hizbullah, inda kudanci da Bika da unguwannin kudancin Beirut suka fi shan wuta. Kafin ka sayi tikiti ka bi labarai, ka tambayi mai masaukinka, ranar tafiya kuma ka sake tambaya. Wasu tsaunukan ƙasar har yanzu da ragowar nakiyoyin yaƙi a binne, wannan ma wani dalili ne na bin turba mai alama. Kada ka ɗauki hoton shingen sojoji, fasfo kuma ya kasance a jikinka.

Biza da kuɗi?

Ka nemi bayanin biza daga ofishin jakadancin Labanon, na Najeriya yana Abuja, kada ka dogara da abin da wani ya yi shekarun baya. Abu ɗaya da bai canja ba: wanda fasfonsa ya nuna alamar ya taɓa shiga Isra'ila ba a barinsa ya shiga, masu zuwa ziyarar ibada Kudus su lura da wannan. Tun rushewar bankunan ƙasar a 2019 harka ta koma ta tsabar kuɗi, dala ce ke tafiya. Riƙe ƙananan takardu masu tsabta don kuɗin shiga, ɗan jagora da abinci. Motocin haya na kaiwa manyan garuruwan Shuf, amma ba sa hawa har ƙofar daji, don haka ka yi ciniki da direba na yini guda, zuwa da jira da dawowa, a gama magana tun a Beirut.

Zan iya kawo iri in shuka a gida?

Ɗiba daga gandun haramun ne a dokarsu, shigo da tsiro ta filin jirgi kuma sai da takardar jami'an kula da tsirrai. Ko ka tsallake waɗannan, zafin Maris da Afrilu na Kano ko Maraɗi zai gama da shi, ga ruwanmu na zuwa a lokacin da shi ya saba da rani. A Afirka danginsa na tsaunukan Atlas ne, a Maroko da Aljeriya, inda ƙanƙara ke sauka. In tsaraba kake so, sayi zuma. Kayan sassaƙa da ake cewa na al'ul ne, masu sayarwa kan ce daga rassan da suka karye da kansu aka yi, ka shinshina, na gaske ƙamshinsa ba ya ɓuya.

Yini ɗaya ya isa?

Ya isa in ka yi sammako. Ka bar Beirut bayan asuba kafin cunkoso, ka karya a Dair al-Kamar, ka shiga Baruk ko Ma'asir da hantsi, ka sauko bayan azahar. In da sauran lokaci ka tsaya a fadar Baitaddin, wadda Sarki Bashir Shihab na Biyu ya gina a farkon ƙarni na 19, sai dai ka tambayi ranakun da take buɗewa. Wanda zai iya ƙara dare ɗaya, ya kwana a gidan baƙi a Ma'asir ko Baruk ko Ain Zhalta, ya kama ɗaki tun da wuri in ƙarshen mako ne na rani, washegari ya kasance a bakin ƙofa lokacin da ake buɗewa, kafin motocin 'yan makaranta su iso.